Shin gwajin kumburi na nuna wanda zai tashi daga jinyar korona mai tsanani?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. A shekarar 2021 korona ta kwantar da yayana a sashen kulawa ta musamman har kwana 19, tara daga ciki yana kan na'urar numfashi. Takardun gwajinsa na hannuna har yau. Ranar da aka shigar da shi CRP ɗinsa 230 ne, feritin ya haura 2,000, di-daima ma an ja masa layi da jan biro. Wani ɗan'uwanmu ya duba intanet ya ce mu fara haƙuri kawai. Cikin ikon Allah ya tashi, yana nan da ransa. Amma wani bawan Allah da ke gadon kusa da shi, wanda iyalinsa suka ce lambobinsa ba su kai na yayana ba, shi ya rasu. Abin da ya ƙara ɗaure min kai, bayan wata allura da aka yi wa yayana CRP ya faɗo ƙasa da 20 cikin 'yan kwanaki, alhali yana kwance bai san inda kansa yake ba. To mene ne amfanin waɗannan gwaje-gwaje? Suna nuna wanda zai rayu ko ba sa nunawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa yayanki lafiya, ya jiƙan wancan bawan Allah.

Suna nunawa, amma a kan taron jama'a suke magana. Da za ki ware majinyata dubu masu CRP 230 a gefe guda, wasu dubu masu CRP 40 a ɗaya gefen, babu tantama rukunin farko za a fi rasa rayuka. Sai dai a cikin wannan rukunin ma ɗaruruwa za su koma gida da ƙafafunsu, kuma lambar ba ta iya nuna miki da yatsa su wane ne. Ɗan'uwanku ya ɗauko maganar da aka yi kan mutum dubu ya ɗora wa mutum ɗaya. Ban ga laifinsa sosai ba, don a farkon annobar mu ma masu aikin mun sha yin irin wannan gaggawar.

Bari mu bi takardun nan taki ɗaya bayan ɗaya.

CRP furotin ne da hanta ke sarrafawa idan kumburi ya tashi, wato idan garkuwar jiki ta shiga faɗa da cuta ko rauni. Tun 1930 aka gano shi a jinin masu ciwon nimoniya a Amurka, don haka ba korona ta kawo shi ba. A jikin mai lafiya ba ya wuce miligiram 5 a kowace lita ta jini, wasu ɗakunan gwaji su sa iyakar a 10. Hanta ba ta yin sa don ganin dama, umarni ake aiko mata. Idan ƙwayar cuta ta shiga huhu ta fara ɓarna, ƙwayoyin garkuwar jiki da ke wurin sai su saki wasu ƙananan sinadarai da suke aike da su a tsakaninsu, waɗanda ake kira saitokain. Ɗaya daga cikinsu, intalukin-6, wanda ake rubutawa IL-6, shi ne mai kai wa hanta kururuwa. Da ta ji sai ta hau aiki. Amma akwai jinkiri: CRP kan fara hawa bayan awa shida zuwa takwas, ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu, sannan ko da wutar ta mutu ɗungurungum, sai an yi kamar awa 19 kafin rabinsa ya bar jini. Wato CRP ɗin da aka auna da safiyar yau labarin jiya da shekaranjiya yake ba ki. Kuma ba ya faɗin wanda ya kunna wutar. Bakteriya na ɗaga shi, tiyata na ɗaga shi, ƙuna na ɗaga shi, gudan jini a huhu ma haka.

Feritin kuwa ma'ajiyar sinadarin ƙarfe ce a jiki. Idan kumburi ya tashi jiki kan kulle ƙarfensa, don ƙwayoyin cuta da yawa da shi suke hayayyafa, sai feritin ya hau. Yana hawa kuma idan hanta ta taɓu, ko an yi ta ƙara wa mutum jini. A watan Maris na 2020 likitoci daga Wuhan suka fitar da bayanan majinyata 150, 68 daga ciki sun rasu. Matsakaicin feritin na waɗanda suka rasu ya kusa 1,300, na waɗanda suka warke kuma ɗari shida da 'yan kai. Wannan rahoto ya zaga duniya, kuma ina kyautata zaton irinsa ɗan'uwanku ya ci karo da shi. Ki lura da kalmar matsakaici. Na yayanki ya haura matsakaicin waɗanda suka rasu nesa ba kusa ba, ga shi kuma yana raye. A cikin kowane matsakaici akwai na sama da na ƙasa, kuma rukunan biyu suna shiga cikin juna sosai.

Di-daima ne ya fi ba ni tsoro a lokacin, kuma da dalili. Shi ɓurɓushi ne da ke saura idan jiki ya narkar da gudan jini, don haka yawansa na nufin akwai inda jini ke daskarewa ana kuma narkar da shi. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a Maris 2020 ya bi majinyata 191 a asibitoci biyu na Wuhan, 54 suka rasu. Abubuwa uku ne suka fito fili a matsayin alamun haɗari tun ranar kwanciya: yawan shekaru, yawan sassan jikin da suka fara gazawa, da di-daima da ya haura maikurogiram 1 a kowace mililita. Ba a daɗe ba likitocin Holand suka ba da rahoto kan majinyata 184 a sashen kulawa ta musamman, inda lissafi ya nuna kusan kashi 31 cikin 100 sun samu toshewar jijiya saboda gudan jini, alhali ana ba su maganin kariya. A wani binciken daban kuma, da aka binciki huhun wasu mutum bakwai da suka rasu, aka kwatanta da na waɗanda murar infuluwenza ta kashe, sai aka ga ƙananan gudajin jini a siraran jijiyoyin huhu sun ninka har sau tara. Korona mai tsanani ba iska kaɗai take hanawa shiga ba, tana ƙwarzane cikin jijiyoyin jini har hanyar jinin ta toshe.

Akwai wanda ba ki ambata ba, kuma na tabbata yana cikin takardun: ƙidayar fararen ƙwayoyin jini. Ki nemi layin limfosait. Waɗannan su ne masu farautar ƙwayoyin jikin da bairos ya shiga, kuma a korona mai tsanani raguwa suke yi, yayin da 'yan'uwansu nutrofil ke ƙaruwa. A babba mai lafiya limfosait kan haura 1,000 a kowace maikurolita. A gadajen sashenmu ba abin mamaki ba ne a ga 400 ko 300. Shi ne gwaji mafi sauƙi a cikinsu duka, amma ni na fi dogara da shi a kan wasu masu manyan sunaye. Idan limfosait ya fara farfaɗowa a mako na biyu, hankalina kan ɗan kwanta.

Yanzu ga maganar da ta cika kafafen labarai a 2020, wato guguwar saitokain. Tunanin shi ne ba bairos ɗin ke kisa ba, garkuwar jiki ce ke haukacewa ta rufe mai ita da duka. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Tun rahoton farko na majinyata 41 daga Wuhan a Janairun 2020 an ga waɗanda aka kai sashen kulawa ta musamman sun fi yawan saitokain iri-iri a jini. Daga baya asibitin Mount Sinai na Amurka ya auna jinin mutum 1,484 a lokacin kwantar da su, aka ga yawan IL-6 da wani saitokain mai suna TNF-alfa na tafiya tare da haɗarin mutuwa, ko bayan an yi la'akari da shekaru da sauran cututtukan da mutum ke ɗauke da su.

Amma da aka zauna aka kwatanta da wasu cututtukan, sai guguwar ta zama ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Wani nazari da ya tattara rahotanni da dama a ƙarshen 2020 ya samu matsakaicin IL-6 a korona mai tsanani wajen fikogiram 37 a kowace mililita. A masu gazawar huhu da ba korona ta jawo ba, ya ninka haka sau 12. A masu sefsis, wato cutar da ta bazu ta hargitsa jiki gaba ɗaya, sau 27. A masu kansar jini da aka yi wa wani salon magani mai tunzura garkuwar jiki, inda ake ganin guguwar ta haƙiƙa, kusan sau 100. Yadda na fahimci wannan shi ne, gobarar korona a cikin huhu take ci, mu kuma daga jijiyar hannu muke ɗibar jini. Abin da ya iso kwalbar gwaji hayaƙi ne da ya bi iska, ba wutar kanta ba. Mutum na iya samun huhun da ya lalace ƙwarai alhali lambobin jininsa na tsaka-tsaki.

Sannan akwai waɗanda matsalarsu ba yawan faɗa ba ne, rashin tashi da wuri ne. Makamin farko da jiki ke tarar bairos da shi shi ne intaferon. A 2020 ƙungiyar masu bincike ƙarƙashin Jean-Laurent Casanova ta gano cewa a cikin mutum 987 da korona ta kai bakin mutuwa, 101 na ɗauke da wasu sinadaran garkuwa da ke kashe ƙarfin intaferon ɗin jikinsu, kuma 95 daga cikinsu maza ne. Irin wannan mutum bairos ke samun fili ya hayayyafa a kwanakin farko ba mai tare shi, kumburin ya biyo baya a makare. Babu abin da CRP ko feritin za su gaya miki game da wannan.

To wancan bawan Allah na gadon kusa fa? Ga abin da zai taimaka miki ki fahimci yadda hakan ke faruwa. A Birtaniya an tattara bayanan majinyata sama da 35,000 aka gina wani ma'auni da ake kira 4C, wanda aka wallafa a Satumban 2020, don hasashen haɗari ga wanda aka kwantar a asibiti. Abubuwa takwas yake dubawa, makin duka 21. Shekaru kaɗai na iya cin maki 7, idan mutum ya kai 80. Sinadarin yuriya, mai nuna halin da ƙoda ke ciki, na iya cin 3. Saurin numfashi 2, ƙarancin oksijin 2, gushewar hankali 2, tarin wasu cututtuka 2, zama namiji 1. CRP fa? Duk yadda ya hau, maki 2 ne iyakarsa, kuma da mai 100 da mai 300 makinsu ɗaya. Masu maki 15 zuwa sama, kashi 62 cikin 100 sun rasu. Masu 3 zuwa ƙasa, kashi 1. Ki ɗauki mai shekara 52 da ƙoda lafiya lau da CRP 230, ki ajiye shi kusa da mai shekara 76 mai ciwon suga da ciwon zuciya da ƙodar da ta fara gajiya, CRP ɗinsa 90. A wannan ma'auni na biyun ya fi shiga haɗari da nisa. Kumburi nauyi ne da aka ɗora wa jiki, tambayar ita ce wane jiki aka ɗora wa.

Akwai kuma wani abu da iyalai ba su cika sani ba idan suna kwatanta takardu a bakin ƙofa. Ƙila lambar da suka gani ta ranar farko ce, taku ta rana ta uku. Ƙila nasu an riga an fara masa sitiroyid, maganin da ke kwantar da kumburi, kafin a ɗebi jinin. Ko ma'aunin ya bambanta: wani ɗakin gwaji na rubuta CRP da miligiram a lita, wani a desilita, sai 23 a wannan takarda ta zama daidai da 230 a waccan. Di-daima ya fi kowa wannan rikici, don ma'aunansa sun kasu kuma injinan ba sa bayar da lamba iri ɗaya.

Mu zo kan allurar, don nan ne darasin ya fi daɗi. Faɗuwar CRP farat ɗaya bayan allura guda, mutum kuma bai farfaɗo ba, aikin tosilizumab ke nan ko ɗan'uwansa sarilumab. Ki duba takardar magunguna. Asalinsa maganin amosanin gaɓɓai ne, kuma abin da yake yi shi ne toshe kunnen da ƙwayoyin jiki ke jin IL-6 da shi. Kururuwar na nan ana yi, hanta ce ta daina ji, sai ta daina yin CRP. Abin dariya ma, da za a auna IL-6 bayan allurar za a ga ya ƙara hawa, don ya rasa wurin sauka yana ta yawo a jini. Saboda haka CRP 20 ɗin da kika gani shaida ce cewa maganin ya shiga jiki, ba shaidar huhu ya warke ba. Huhun da ya ji rauni makonni yake ɗauka.

Wannan na da haɗarinsa. Wanda aka yi wa tosilizumab, CRP ɗinsa ya zama makaho na tsawon kwanaki har makonni, zazzaɓi ma na iya ƙin fitowa. Idan bakteriya ta bi bututun numfashi ta shiga huhu, ko funfuna irin asfajilus ta samu gindin zama, ƙararrawar da muka saba ji ba za ta kaɗa ba. Dole a koma ga wasu hanyoyi: launin majinar da ake zuƙowa daga bututu, hoton ƙirji, shuka jini da majina a ɗakin gwaji, da wani gwaji mai suna furokalsitonin wanda ya fi karkata ga bakteriya, ko da yake shi ma ba ma'asumi ba ne.

Tambayar da ta fi muhimmanci a wurin likita ita ce: idan alama na tafiya tare da mutuwa, danne ta zai ceci rai? Hankali na cewa e. Gwaji ya nuna wani lokaci e, wani lokaci a'a.

Deksametazon tsohon sitiroyid ne da ke kwantar da kumburi gaba ɗaya. Gwajin RECOVERY na Jami'ar Oxford, ƙarƙashin Peter Horby da Martin Landray, ya ba mutum 2,104 miligiram 6 a rana har zuwa kwana goma, ya kwatanta su da 4,321 da ba a ba su ba. Ranar 16 ga Yunin 2020 aka sanar da sakamako. A cikin waɗanda ke kan na'urar numfashi, mace-mace cikin kwana 28 sun sauka daga kashi 41 zuwa 29 cikin 100. A masu shaƙar oksijin kawai, daga 26 zuwa 23. A waɗanda ba sa buƙatar oksijin kuwa babu amfani, lambobin ma sun karkata ga cutarwa: kashi 18 a kan 14. Magani ɗaya, cuta ɗaya, amma lokaci ya raba sakamakon. A makon farko jiki na buƙatar garkuwarsa don yaƙar bairos, a mako na biyu garkuwar ce ta wuce gona da iri. Daga baya wasu suka ce tunda kaɗan ya yi amfani a ƙara. Wannan gwajin dai ya jarraba miligiram 20 ga masu ƙarancin oksijin da ba su kai ga na'ura ba, sai mace-mace suka kai kashi 19 a kan 12 na masu samun magani yadda aka saba. Garin neman gira aka rasa ido.

Tosilizumab ya sha tangal-tangal kafin ya tsaya. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko mai suna COVACTA bai ga bambanci a mace-mace ba, har wasu suka fidda rai. Sai gwajin REMAP-CAP ya ba da shi ga waɗanda ke sashen kulawa ta musamman cikin awa 24 da fara tallafa wa numfashinsu ko jininsu, mafi yawansu kuma suna kan sitiroyid: kashi 28 suka rasu a asibiti, a kan 36 na waɗanda ba a ba su ba. RECOVERY ya biyo da mutum 4,116 masu ƙarancin oksijin waɗanda CRP ɗinsu ya kai 75 ko fiye, aka samu kashi 31 a kan 35. A Yulin 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi, a Janairun 2022 ta ƙara da barisitinib, wanda ke datse saƙon saitokain daga cikin ƙwayar jiki. Ki lura da rawar da CRP ya taka a nan. Ba a yi amfani da shi don cewa wane zai mutu ba, an yi amfani da shi don zaɓar wanda maganin zai amfana. CRP 230 ɗin da ya tayar muku da hankali na cikin abin da ya buɗe wa yayanki ƙofar samun wannan allura.

Di-daima ne ya koya mana tawali'u. Ganin gudajin jini sun yi yawa, asibitoci da dama suka fara ba majinyatan sashen kulawa ta musamman hefarin, maganin hana daskarewar jini, mai cikakken ƙarfi, irin wanda ake ba wanda aka tabbatar yana da gudan jini, wasu ma suna ƙara shi gwargwadon hawan di-daima. Tunani ne mai ma'ana. Da manyan gwaje-gwaje uku suka haɗa bayanansu, sakamakon da aka wallafa a Agustan 2021 ya nuna babu riba ga masu tsananin jinya, sai ƙarin zubar jini. Waɗanda suka amfana su ne marasa tsanani da ke ɗakunan kwanciya na gama-gari. Alamar gaskiya take faɗa game da haɗari, amma bin ta da magani bai sauya komai ba a wurin da aka fi sa rai.

Da za ki tsaya kusa da ni a zagayen safe, ga abin da za ki gani. Takarda ce mai faɗi, kwanaki a jere daga hagu zuwa dama, gwaje-gwaje daga sama zuwa ƙasa. Ba na fara duba ta. Na'ura nake fara kallo: jiya kashi nawa na oksijin muke ba shi, yau nawa? Huhun ya ƙara tauri ko ya fara saki? Daga nan jakar fitsari, don ƙoda ba ta ɓoye damuwarta. Sai famfon maganin da ke riƙe da bugun jini, an ƙara ko an rage? Sai in tambayi ma'aikaciyar jinyar da ta kwana da shi, wadda sau da yawa takan riga injin gwaji sanin cewa wani abu ya sauya. Bayan duk wannan nake sa yatsa a layin CRP in ja shi daga hagu zuwa dama. 230, 190, 140, 95, oksijin na raguwa, limfosait na hawa: wannan tafiya ce mai kyau ko da lambar yau har yanzu ta ninka ta mai lafiya sau goma sha tara. Amma 60, 45, 40, sai kwatsam 130 a rana ta goma, majina ta yi kauri ta sauya launi: wannan 130 ta fi waccan 230 tayar min da hankali, don tana nufin wani sabon abu ya shigo, galibi nimoniyar bakteriya ko cuta a bututun da ke cikin jijiya. Haka idan di-daima ya yi tsalle cikin kwana biyu kuma oksijin ya faɗi ba tare da hoton ƙirji ya sauya ba, gudan jini a huhu nake nema. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu iya magana, kuma a sashenmu fuskar ita ce numfashi da fitsari da bugun jini.

Wani abin da ke rikita lissafi shi ne sitiroyid da kansa na ɗaga nutrofil ya sauke limfosait. Don haka rabon da ake yi tsakanin su biyun, wanda rahotanni da yawa suka yaba a matsayin alamar haɗari, ma'anarsa na raguwa daga ranar da aka fara deksametazon. Yawancin rahotannin farko an yi su ne kafin sitiroyid ya zama ruwan dare, kan mutanen da ba su taɓa haɗuwa da bairos ɗin ba kuma babu rigakafi. Iyakokin da suka zana ba za a ɗauke su a ɗora wa majinyacin yau kai tsaye ba. Kuma gaskiya, ɗimbin ma'aunan hasashen da aka yi ta wallafawa a 2020, da masana suka tace su, an samu mafi yawansu da rauni a tsari: mutane kaɗan, asibiti ɗaya, ba a sake jarrabawa a wani wuri ba.

Ga wata hujja kuma da ke nuna rayuwa ba a kwalbar gwaji kaɗai take ba. Nazarin da mujallar Anaesthesia ta buga, wanda ya tattara rahotannin ƙasashe da dama, ya nuna mace-macen masu korona a sashen kulawa ta musamman sun sauka daga kusan kashi 60 a ƙarshen Maris 2020 zuwa 42 a ƙarshen Mayu, sannan wajen 36 zuwa Oktoba. Ki duba kwanakin: babban sauƙin ya zo kafin a sanar da sakamakon deksametazon. Wani ɓangare nasa lissafi ne, don rahotannin farko sun fito tun waɗanda za su warke suna kwance ba a ƙirga su ba. Sauran kuwa ƙwarewa ce da hannu: kifa majinyaci a kan cikinsa na sa'o'i masu yawa don bayan huhu ya buɗe, hura iska a hankali don kada na'ura ta ƙara yaga huhu, sanin lokacin da ya dace a sa bututu, da samun isassun ma'aikatan jinya a kan kowane gado. Kwana taran da yayanki ya yi a kan na'ura, akwai hannayen da suka riƙa juya shi dare da rana.

Game da yanzu, ba na ganin dalilin ku riƙa maimaita waɗannan gwaje-gwaje idan yana jin daɗin jikinsa. Feritin da di-daima kan yi jinkirin sauka. Wani bincike a ƙasar Ailan kan mutum 150 da suka warke ya samu kusan ɗaya cikin huɗu di-daimansu na sama har zuwa wata huɗu, alhali CRP ya koma daidai a mafi yawansu. Bayan shekaru kuwa, duk lambar da ta fito sama dalilinta na yau za a nema, ba na 2021 ba. Abin da zai sa ya koma ga likita shi ne haki idan ya hau bene ko ya yi 'yar tafiya, tarin da ya ƙi ƙarewa, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ciwon ƙirji na farat ɗaya, waɗannan biyun na ƙarshe kuma ba a kwana da su. Idan hakin ne, gwajin ƙarfin huhu da hoton ƙirji sun fi CRP amfani. A duba masa suga ma, don sitiroyid da jinya mai tsanani kan tono ciwon sugan da ke ɓoye. Rashin barci, mantuwa, munanan mafarkai da faɗuwar gaba sun zama ruwan dare ga waɗanda suka daɗe a kan na'ura, kuma maza da yawa ba sa faɗa sai an tambaye su, don haka ki tambaye shi. Takardun kuma ki ci gaba da adana su, musamman ta magunguna da ta sallama, ki ba shi kwafi ya riƙa nuna wa duk likitan da zai duba shi nan gaba.